Lanƙwashewar Gaban Namiji: Da Gaske Akwai Allurar Da Ke Miƙar Da Shi?

Maganar da ke ta yawo a kwanakin nan, a majalisa da kuma cikin raɗa tsakanin abokai, ita ce wai an samo wata allura da ake yi wa namijin da gabansa ya karkace, allura ɗaya tal sai ya miƙe sambal kaman ba a taɓa yin komai ba. Wani ya ce sai an fita waje ake samu, wani ya ce ai akwai masu yi a nan kusa, wani kuma ya ce duk ɓata kuɗi ne, sanyi ne kawai a nemi jiƙo a sha.

Abun da ya sa na zauna rubuta wannan, wani dattijo ne mai iyali da muke sallah tare, ya ja ni gefe bayan isha'i ya daɗe yana kame-kame kafin ya ce, "Malam, wani na kusa da ni ne ke da 'yar matsala, abun nashi ya lanƙwashe wata bakwai ke nan, an ce akwai allura, gaskiya ne?" Ban matsa mishi da tambaya ba don na san nauyin maganar a bakin babban mutum, kuma wallahi ya ba ni tausayi, don da ganin fuskarshi ya daɗe yana ɗauke da abun shi kaɗai.

Amsar a taƙaice ita ce e, akwai allura, har ma kala-kala. Amma ba ɗaya ake yi ba, ba kowa take yi wa aiki ba, ba ta miƙar da gaba ɗari bisa ɗari, kuma wadda ta fi suna ɗin samunta a nan sai wanda Allah ya hore wa sosai. Sai an fara gane mene ne ciwon kafin a gane inda allurar ta tsaya.

Ba kowace karkata ce cuta ba

Maza da yawa idan gabansu ya miƙe yana ɗan karkata hagu ko dama ko sama, tun balaga haka suka gan shi, ba ciwo, ba ya hana kwanciyar aure. Wannan halitta ce, a bar shi yadda yake. Ina faɗin haka ne saboda samari da yawa masu shirin aure suna ɗaga hankalinsu a banza har su faɗa hannun masu lasifika na bakin tasha.

Akwai kuma karkatar da ake haihuwar mutum da ita mai yawa, inda gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo, galibi sai ya lanƙwasa ƙasa. Wani lokaci tana zuwa tare da ƙofar fitsari da ta buɗe ta ƙasan gaba maimakon can bakin. Iyaye a kula da wannan: jaririn da aka gan shi haka kada a kai shi wurin wanzami a yi mishi kaciya sai likita ya duba, don fatar nan da ake yankewa ana iya buƙatarta wajen gyara. Irin wannan karkatar babu wata allura da ke taɓa ta, in ta yi yawa tiyata ce kawai.

Wadda ake magana a kai ita ce ta uku, wadda ke zuwa daga baya. Mutum ya yi shekara ashirin ko talatin da aure lafiya lau, kawai sai ya fara jin zafi idan gabansa ya tashi, ya shafa ya ji wani ƙulli mai tauri a ƙarƙashin fata, bayan 'yan watanni ya ga abu ya fara lanƙwashewa. Likitoci suna ce mata cutar Peyronie, ana furtawa kaman Peroni, sunan wani likitan tiyata ne na sarkin Faransa Louis na 15 wanda ya yi bayaninta a 1743. Binciken da aka yi a Turai da Amurka ya nuna tana samun maza 3 zuwa 9 cikin 100, yawanci daga shekara 40 zuwa sama, ka ga ke nan ba wani baƙon abu ba ne, shiru ne kawai ya yi yawa a kanta.

Me ke faruwa a ciki?

Gaban namiji ba ƙashi a cikinsa. Wasu bututu ne guda biyu masu kama da soso kwance gefe da gefe, hanyar fitsari tana bi ta ƙasansu, idan sha'awa ta motsa jini ya cika soson sai gaba ya miƙe. Kowane bututu yana cikin wata riga mai ƙarfi amma mai talewa, likitoci na ce mata tunika albujiniya. A jikin wannan rigar ne tabo ke fitowa.

Ɗauki doguwar balan-balan irin wadda yara ke saya ranar sallah, ka manna mata salatif a gefe ɗaya sannan ka hura. Gefen da ba salatif zai tale, gefen salatif zai ƙi, dole ta lanƙwasa ta wajen salatif ɗin. To haka tabon yake yi. Yawanci a sama yake fitowa shi ya sa gaba ke lanƙwasowa wajen ciki, amma yana iya zama a gefe ko a ƙasa, in kuma ya zagaye sai gaban ya tsuke a tsakiya kaman kalangu. Tsawo ma yana raguwa, kuma maza da yawa wannan ya fi cin ransu fiye da karkatar kanta. Wasu kuma ƙarfin yana raguwa, musamman daga wurin tabon zuwa gaba.

Abun da likitoci suka fi rinjaya a kai shi ne ƙananan raunuka ne da ke faruwa lokacin saduwa, gaba ya ɗan tanƙware a ciki, rigar ta ɗan tsage kaɗan yadda mutum ba zai ma ji ba, a wurin yawancin maza ya warke ba alama, a wurin wasu kuma jikinsu ya zuba nama mai tauri fiye da kima wajen warkarwa. Gaban da bai gama yin ƙarfi ba shi ya fi saurin tanƙwarewa, shi ya sa masu ciwon suga da masu hawan jini da masu shan taba da waɗanda shekaru suka fara ja suka fi shiga ciki, haka wanda aka cire wa furostet, wani ɗan ƙullin nama da ke ƙasan mafitsarar namiji, saboda ciwon kansa. Akwai gado ma. Wasu masu wannan ciwon za ka ga tafin hannunsu yana da irin wannan taurin, ƙaramin yatsa da na kusa da shi suna lanƙwashewa ciki sun ƙi miƙewa, ana ce wa wannan Dupuytren, 'yan gida ɗaya ne.

A nan nake so a tsaya. Mu a wurinmu duk abun da ya taɓa ƙasan cibiya sunanshi sanyi, in ba sanyi ba basir, in abun ya gagara sai a ce hannu ne. Wannan ciwon tabo ne. Ba ƙwayar cuta ba ce da za a sha kafso ta mutu, ba a ɗaukarsa wurin mace, ba a shafa wa mace, ba kansa ba ne kuma ba ya komawa kansa, kuma shi kanshi ba ya hana haihuwa sai dai in karkatar ta hana saduwa. Ina jin ciwon yadda a gida mai mata biyu ko uku nan da nan ake nuna wa wata yatsa a ce ita ta yi wa maigida asiri don kada ya kusanci 'yar uwarta, a zalunci baiwar Allah a kan abun da hannun likita zai shafa ya ji shi ƙuru-ƙuru.

Zango biyu, kuma a nan mutane ke ruɗewa

Zangon farko shi ne lokacin da tabon ke haɗuwa, akwai zafi, karkatar tana canjawa wata zuwa wata. Yana ɗaukar wata 6 zuwa 18. Daga nan a shiga zango na biyu, zafi ya tafi, tabo ya zauna, karkatar ta tsaya inda ta tsaya.

Wani bincike da aka buga a Amurka a 2006 ya bi maza 246 da ba a yi musu wani magani ba na aƙalla shekara guda. Karkatar ta ragu da kanta a wurin 12 cikin 100 kacal, ta tsaya yadda take a wurin 40, ta ƙaru a wurin 48. Amma zafin, kusan 9 cikin 10 ya ɗauke musu gaba ɗaya ba tare da sun sha komai ba.

Ka lura da wannan da kyau, don a nan mai magani ke cin kasuwarsa. Mutum ya sayi gora uku na jiƙo ya sha wata huɗu, zafi ya tafi, ya ce alhamdulillah magani ya yi, ya ƙaro wasu, alhali zafin dama tafiya zai yi, karkatar kuma tana nan ko ma ta ƙaru. Ba raina maganin gargajiya nake yi ba, amma babu wani sassaƙe ko saiwa da aka gwada aka tabbatar yana narkar da wannan tabon.

To allurar fa?

Wadda ake ta zance a kai sunanta Xiaflex. Sinadari ne da ake kira kolajines, ana samo shi daga wata ƙwayar bakteriya, aikinsa ya cinye kolajin, wato zaren naman da tabon ya ginu da shi. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka, kaman dai NAFDAC a wurinmu, ta fara amincewa da ita a 2010 don waccan lanƙwashewar yatsu, sannan a Disamba 2013 ta amince a yi wa masu Peyronie da tabonsu ke shafuwa da hannu kuma karkatarsu ta kai digiri 30 zuwa sama.

Don a gane digirin nan, kalli agogon bango. Tsakanin 12 da 1 digiri 30 ne, tsakanin 12 da 2 digiri 60, tsakanin 12 da 3 digiri 90.

An gwada ta a kan maza 832 a Amurka da Ostareliya, masu karkata tsakanin 30 da 90. Waɗanda aka yi wa allurar gaske karkatarsu ta ragu da wajen digiri 17, kimanin kashi 34 cikin 100. Waɗanda aka yi wa allurar da ba magani a cikinta su ma ta ragu da wajen digiri 9, kashi 18. Wato mai digiri 50 ya dawo wajen 33. Bai miƙe sambal ba, kuma ratar da ke tsakanin allurar gaske da ta wofi digiri 8 ne kawai. Kada a raina wannan fa, ga mutumin da abun ya hana shi iyalinshi kwata-kwata, saukowa daga 50 zuwa 33 yana iya zama abun da zai dawo mishi da shimfiɗarsa ba tare da an sa wuƙa ba. Amma wanda ya je da tunanin zai koma kaman yana saurayi zai dawo da ɓacin rai.

Yadda ake yi ma ba wasa ba ne. Likita zai fara yin wata allura daban da za ta tayar da gaba don ya auna karkatar ya sa alama a daidai wurin da ta fi tsanani, sannan idan ya kwanta ya soka maganin cikin tabon kanshi, ba cikin soso ba, ba kusa da hanyar fitsari ba. Bayan kwana 1 zuwa 3 a yi ta biyu. Bayan wasu kwana 1 zuwa 3 likita ya ja gaban da hannu ya tanƙwara shi a hankali ta ɓangaren da ya saba wa karkatar, sannan ya koya wa mutum yadda zai riƙa yi a gida kullum har sati shida. Wannan zagaye ɗaya ke nan. Ana iya yin har zagaye huɗu, allura takwas, kusan wata shida ana abu ɗaya. Kuma bayan allura ta biyu a kowane zagaye ba saduwa sai an yi aƙalla sati huɗu, ka ga mai mata fiye da ɗaya dole ya zauna da iyalinshi a fahimci juna tun kafin a fara.

Fiye da rabin waɗanda aka yi wa sun samu kumburi da taruwar jini a ƙarƙashin fata, wurin ya yi baƙi, amma yana bajewa. Abun tsoron shi ne tunda maganin cin nama yake, yana iya raunana rigar har ta fashe, hakan ya samu kusan mutum 1 cikin 200, kuma gyaranshi tiyata ne. Saboda haka ko a Amurka ba kowane likita aka yarda ya taɓa ta ba sai wanda ya yi horo na musamman. Ba a gwada ta a kan wanda gabansa ya lanƙwasa ƙasa ba saboda kusanci da hanyar fitsari, haka wanda tabonsa ya daskare ya zama kaman ƙashi yadda allura ba za ta shiga ba. Kuma ba maganin rashin ƙarfi ba ce.

Sai maganar samu. A Turai da sunan Xiapex ake sayar da ita, kamfanin ya janye ta daga kasuwarsu a 2020, ba don an same ta da wata sabuwar illa ba, lissafin kasuwanci ne, yanzun kusan a Amurka kawai take. Kwalba ɗaya dubban daloli ce, a firij ake ajiye ta, kuma har takwas ake iya buƙata. Don haka duk wanda ya ce maka yana da ita a bayan kanta a Sabon Gari ko PZ a nan Zariya zai yi maka a dubu hamsin, ka buga wannan lissafin da kanka. Koma me ke cikin sirinjin nan, ba ita ba ce.

Sauran alluran

Akwai berafamil, asalinshi maganin hawan jini da bugun zuciya ne, tun wajen 1994 wani likita a Chicago ya fara soka shi cikin tabon. Ana yi duk bayan sati biyu, har zuwa sau 12. Yana da araha sosai in aka kwatanta, illarsa kaɗan ce, ɗan kumburi ko jiri, amma hujjarsa ba ta da ƙarfi, wasu gwaje-gwajen sun ga amfani wasu ba su ga komai ba. In likitan mafitsara ya ce a gwada ba laifi, a dai shiga da sanin cewa gwaji ne.

Akwai intafiron, wani sinadari irin wanda garkuwar jiki ke samarwa, wanda a wani gwaji na 2006 aka yi allura shida cikin sati 12, karkata ta ragu da wajen digiri 13, a ɓangaren allurar wofi kuma wajen 4. Yana sa zazzaɓi da ciwon jiki kaman mura na kwana ɗaya ko biyu. Akwai hayaluronik, irin ruwan da ake sa wa masu ciwon gwiwa, wasu likitocin Turai suna amfani da shi a zangon farko musamman don zafi. Allurar siteroyid kuma an daina ba da shawararta. Wadda ake ɗibar jinin mutum a tace a mayar mishi, da ta ƙwayoyin halitta da ake tallatawa da tsada, har yanzun suna matakin bincike ne, ba a tabbatar ba.

Duk waɗannan cikin tabon ake soka su, aikin likitan da ya san wurin ne. Ba irin allurar maleriya ba ce da yaron kemis zai yi maka a ɗuwawu. Mu mutane ne masu son allura, muna ganin ta fi ƙwaya ƙarfi, kuma wannan son ne nake tsoro a nan. Masu ɗura man shafawa ko silikon a ƙarƙashin fata wai don ƙarin girma, ƙarshenta ƙulle-ƙulle ne da gyambo har sai an feɗe fatar. Allurar tayar da gaba ma da wasu ke yi wa kansu ba da sanin likita ba tana iya haddasa irin wannan tabon, ko gaba ya miƙe ya ƙi kwanciya. Duk miƙewar da ta wuce awa huɗu asibiti ake rugawa, masu sikila su fi kowa riƙe wannan don su ya fi samu.

Ƙwayoyi da na'urori

Bitamin E shi kowa ke fara rubutawa, amma ƙungiyar likitocin mafitsara ta Amurka tun a ƙa'idojinta na 2015 ta ce kada a bayar da shi don wannan, haka tamoksifen da man kifi na omega-3, ba su miƙar da komai. Abun da ƙwaya ke yi shi ne rage zafi a zangon farko, irin su ibufurofen da diklofenak, su ma mai olsa ko ciwon ƙoda ya yi hattara. Likita na iya ba da tadalafil, ƙwayar ƙarfin maza dangin Viagra, ƙarami kullum don gaba ya riƙa samun cikakken ƙarfi ya daina tanƙwarewa, amma mai shan maganin ciwon zuciya irin na naitiret haɗa su haɗari ne babba. Maganin maza na kwalba da ake shelarsa a mota kuwa, an sha kama irinsu da sinadarin Viagra a ɓoye ba awo.

Na'urar ja tana da ɗan amfani na gaske, wata 'yar ƙarfe ce da ake maƙala wa gaba tana jan shi a hankali. Na da sai an sa awa 3 zuwa 8 a rana, abun da ɗan kasuwa ko malamin makaranta ba zai iya ba, amma akwai RestoreX da aka ƙirƙira a asibitin Mayo na Amurka wadda minti 30 zuwa 90 a rana ya isa, ana ganin canji a wata uku, kuma tana dawo da ɗan tsawon da ya ɓata. Wannan ba izini ba ne na ɗaura dutse ko tanƙwara gaba da ƙarfi yana miƙe. Na'urar da ke buga wurin da amon sauti kuma zafi kawai take ragewa, ba ta taɓa karkata.

Tiyata

Mutane suna jin tiyata a wannan wurin sai tsoro ya kama su, na fahimta. Amma gaskiyar da ba a faɗa ita ce har yau babu abun da ya kai ta miƙar da gaba, kuma mafi sauƙinta ba ta buƙatar wani kayan da sai an yo oda daga waje. Sharaɗinta shi ne ciwon ya kai shekara, zafi ya tafi, karkatar ta tsaya cak na wata 3 zuwa 6, kuma tana hana saduwa ko tana cutar da matar. In aka yi gaggawa tabo yana kan haɗuwa, sai a gyara ya sake karkacewa.

Duk ɗan birnin Zariya ya san aikin tela. In riga ta karkace gefe ɗaya ya fi tsawo, ko dai a cinye dogon gefen da ɗinki, ko a farke gajeren a ƙara mishi ƙyalle. Haka likita ke yi.

Cinye dogon gefe shi ne mafi sauƙi, wani likita mai suna Nesbit ya fara bayaninsa a 1965. Ya dace da mai karkata ƙasa da digiri 60 wanda ƙarfinshi lafiya. Mafi yawansu suna miƙewa, haɗarin rasa ƙarfi kaɗan ne, amma tsawo zai ɗan ragu tunda an daidaita da gajeren gefe ne, kuma wani yana jin ƙullin zaren a ƙarƙashin fata.

Ƙara ƙyalle kuma na mai karkata sama da 60 ne ko mai tsukewar kalangu. A tsaga tabon a buɗe, a rufe gurbin da jijiyar jini daga ƙafa, ko fatar cikin kumatu, ko wata fata da aka sarrafa daga jikin saniya, akwai ma ta alade a kasuwa don haka Musulmi ya tambaya tun kafin ranar aiki. Wannan ya fi kiyaye tsawo amma haɗarin raunin ƙarfi da dusashewar ji a kan gaba ya fi yawa, shi ya sa ba a yi wa wanda dama ƙarfinshi na rawa.

Wanda ya haɗa karkata da rashin ƙarfin da ƙwaya ta kasa, shi ake sa wa roba a cikin bututun biyu, akwai mai lanƙwasuwa da hannu akwai mai famfo, tana gyara matsala biyu lokaci guda amma da tsada kuma ba a komawa baya. Kowacce aka yi, sai an yi haƙurin wajen sati shida kafin a koma shimfiɗa.

Karyewar gaba daban ce

In ana cikin saduwa aka ji ƙas, gaba ya kwanta nan take, ya kumbura ya yi baƙi, rigar nan ce ta yage. Ba a jiran gari ya waye, ba a gasawa da ruwan zafi, ba aikin maɗori ba ne tunda ba ƙashi. A tafi sashen gaggawa a daren a ɗinke. Waɗanda kunya ta zaunar a gida su ne ke zuwa bayan watanni da karkata da rashin ƙarfi.

Mutumin Zariya ina zai dosa?

Mu dai Allah ya rufa mana asiri, asibitin koyarwa na ABU da ke Shika yana da likitocin mafitsara da al'aurar maza, mutane daga jihohi suke zuwa. Ana iya farawa daga babban asibiti irin na Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan a karɓi takardar turawa. Likita zai yi tambayoyi, ya shafa tabon, ya auna tsawo, wataƙila ya sa a yi sikanin don a ga ko ya daskare da kuma yadda jini ke gudu. Mutanen nan aikinsu ke nan kullum, abun da kake ganin ba a taɓa gani ba sun ga irinshi sun gaji. Kuma ba kowa za a ce a yi wa wani abu ba, mai digiri 20 ko 25 da ke saduwa lafiya sau da yawa bayani da kwantar da hankali ne maganinshi.

Ɓangaren zuciya ma ciwo ne. Bincike ya nuna kusan rabin masu wannan lalura suna shiga damuwa mai tsanani, mutum ya daina walwala, ya riƙa ƙirƙiro faɗa da daddare don kada a zo ga shimfiɗa, ita kuma matar tana can tana kuka ta ɗauka ya daina sonta ne ko aure zai ƙara. Wata kuma zafi take ji in ana saduwa amma ta yi shiru don kada ta kunyata shi.

Abun da na faɗa wa dattijon nan shi ne, tunda wata bakwai ne to yana zangon farko, ba lokacin tiyata ba ne kuma ba lokacin neman allura a kasuwa ba ne. Ya rubuta watan da abun ya fara, ya gwada suga da hawan jini, in yana shan taba ya ajiye, a ɗauki hoton gaban yana miƙe daga sama da kuma daga gefe a gida don likita ya auna, a nuna mishi sannan a goge daga wayar nan take saboda yara da masu gyaran waya. A wajen kwanciya a guji yanayin da nauyin mace ke kan gaba, a sa man da ke rage gogayya irin na kemis mai ruwa-ruwa, in ƙarfi bai cika ba kada a tilasta.

Ya yi shiru can sai ya ce, "To Malam, ita uwargidan fa, a faɗa mata?" Na ce mishi, "Baba, ai ta riga kowa gani, bayanin ne kawai ba ta da shi. In da hali ma ranar zuwa Shika a tafi da ita, don likita zai tambaya ko tana jin zafi, kuma ita kaɗai ce za ta iya amsa wannan."